Haƙƙin Nakasassu Ba Kyauta Aka Ba Su Ba: Amsa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni

Assalamu alaikum Malam.

A taron masu buƙata ta musamman na makon jiya ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni me ya sa muke yawan ƙorafi da zanga-zanga, alhali a Amurka, a faɗarka, gwamnati ce ta ji tausayin nakasassu ta ba su haƙƙinsu ba su ko ɗaga murya ba. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Malam, wanda ya ba ka wannan labari ya rage maka mudu.

A 1962 Ed Roberts, wanda shan inna ta kama tun yana yaro har sai da injin numfashi yake kwana, ya samu gurbi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley bayan jayayya. A asibitin jami'ar aka ba shi masauki, ba a ɗakin kwanan ɗalibai ba. A 1970 kuma hukumar ilimi ta birnin New York ta hana Judy Heumann lasisin koyarwa don tana kan keken guragu, wai idan gobara ta tashi ba za ta iya fitar da yara ba. Sai da ta kai su kotu kafin ta samu.

Amma inda nake so ka tsaya shi ne 1977. Tun 1973 aka yi doka mai sashe na 504, wadda ta hana duk makaranta ko asibiti ko hukumar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa nakasasshe bambanci. Shekara huɗu ƙa'idojin aiwatar da ita suna kwance a tebur, kullum sai a ce ana dubawa. Ranar 5 ga Afrilu, nakasassu sama da ɗari suka shiga ginin gwamnatin tarayya a San Francisco suka ce ba fita. An datse musu layin waya, an yanke ruwan zafi. Sai kurame suka riƙa tsayawa bakin taga suna yi wa 'yan'uwansu na waje maganar hannu, saƙo yana fita yana shigowa, masu gadi na kallo ba su gane komai ba. Mutanen da ba sa iya juya kansu a kan gado suka kwana a ƙasa, makafi da guragu suna taimakon juna. 'Yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther ne suke kawo musu abinci mai zafi kullum. Ranar 28 ga Afrilu sakataren lafiya, ilimi da walwala na Amurka, Joseph Califano, ya sa hannu kan ƙa'idojin. Sama da mako uku ke nan, Malam, a kan siminti.

Ni da na yi rarrafe na hau matakala don in shiga wani ofishi, wandona duk ƙura, na san abin da nake faɗa. A nan Najeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tuni. Zauren da ka yi mini tambayar ma, samari biyu ne suka ɗaga kekena suka shigar da ni, kana zaune a sahun gaba.

Wassalam, naka ɗan'uwa.