Kafin ka biya kuɗin mai baki biyu, cire katakon gaba ka duba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni tsohon malamin lakkwal ne a nan Tawa. Na ajiye alli, amma ban ajiye bindiga ba, tun ina saurayi nake bin zabin daji da fakara a fakon Adar, daga wajen Kalfu har duwatsun Keita. Ka ara mini ɗan fili, don abin da ya faru a zaurena watan jiya ina jin yana faruwa a zaurukan da babu tsohon da za a tambaya.

Ɗan ƙanena ne ya zo daga Yamai da wata bindiga mai baki biyu naɗe cikin bargo. Mai ita ya ba shi kwana uku ya duba, in ta yi masa ya biya jika ɗari huɗu, har ya haɗa masa da kwalin harsashi kyauta. Bindiga kam ta yi kyau, katako sai sheƙi, an zana kare da agwagi a ƙarfen gefe. Yaro ya ce, "Baba, me ka gani?" Na ce ban ga komai ba tukuna. Na cire katakon gaba, na raba bututun da gindi, na juya cikinsu sama. A shafaffen wurin nan na ƙasa, inda ido ba ya kaiwa in bindiga tana haɗe, nan masu gwaji suke buga hatiminsu. An buga 65. A jikin kwalin kuwa 70 aka rubuta.

Milimita biyar ne kawai tsakani, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Lambar nan tsawon kwanson harsashi ce bayan an harba, bakinsa ya buɗe. Shi ya sa ɗan 70 yake shiga mazaunin 65 sumul, bindiga ta rufu, mutum ya ɗauka lafiya lau. Sai an taɓa kunama kwanson ya buɗe a inda bututu ya fara tsukewa, ƙwayoyin dalma su fita a matse, ƙarfin albarushi ya ƙaru a kan ƙarfen da ya girmi mai harbin. Ba lalle ta fashe ranar farko ba. Tana iya yin shekaru tana shurin kafaɗa tana sassautowa, kuma hannunka na hagu yana nan riƙe da bututun. Tsofaffin bindigogin Faransa da Ingila da yawa 65 ne, harsashin da ake samu yau kuwa galibi 70 ne. A nan wurin dai, in ƙirar garin Saint-Étienne na Faransa ce, ka nemi haruffa PT da ɗan kambi a samansu, shaidar an gwada ta da albarushin zamani mara hayaƙi. Wadda bututunta ke da zane kamar an murɗa igiya, irin ta da can da ake nannaɗe ƙarfe a ƙera, a rataye ta a bango don tunawa da kaka.

Na rataya bututun a yatsa, na ƙwanƙwasa da bayan wuƙa. Lafiyayye ƙara yake yi kamar ƙararrawar lakkwal, wannan sai ya ce "kwaf", alamar dalmar da ta manne sandar tsakiya ta saki. Na mayar da shi jikin gindi ba tare da katakon gaba ba, na girgiza, tana kaɗawa kamar haƙorin tsohuwa. Da muka ɗaga bututun hagu ga hasken ƙofa, ga ramukan tsatsa birjik. Kyan ɗan maciji ke nan. Yaro bai ƙara cewa komai ba.

Kada a ce ina kushe tsohuwar bindiga. Tawa bindigar ma ta girme ni ko mu yi sa'a. Robust ce ta kamfanin Manufrance, ƙirar da suka fito da ita a 1913, mahaifina ya yi odar ta daga kundin hajarsu lokacin yana aikin gidan waya, ta biyo jirgin ruwa da mota ta iso. A lokacin yawancin maharban da suka bar bindigar toka Simplex suke riƙewa, mai baki ɗaya ta wannan kamfani, mai baki biyu sai wane da wane. Babu zane ko ɗaya a jikinta, kuma har yau in na rufe ta ko takardar sigari ba ta shiga tsakanin bututu da gindi. Aibinta ɗaya, kalibar 16 ce. A hannu babu kamarta, siririya, ba ta gajiyar da mutum. Amma harsashinta sai na yi saƙo na jira wata da watanni, ina ƙirga na cikin akwati kamar mai ƙirga dami a shekarar fari. Don haka ranar da yaron ya tambaye ni, ba tawa na zaɓa masa ba. Na ce ya nemi kalibar 12 mai mazaunin 70, wadda harsashinta ke ko'ina da ake sayarwa bisa izini. Ga mai son sani, ƙaramar lamba ita ce babban baki: 12 tana da faɗin wajen milimita 18 da rabi, 16 ta kusa 17, 20 kuwa ba ta kai 16 ba. Kuma kada a taɓa haɗa harsashin 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Ɗan 20 zurmawa yake cikin bututun 12 ya maƙale, ka ga kamar babu komai, ka ɗora wani a bayansa.

Maganar nauyi, wanda bai taka duwatsun Tamaske daga asuba zuwa hantsi ba ba zai gane ba. Turawan Ingila suna da tsohon lissafi, bindiga ta ninka nauyin dalmar harsashinta sau 96. Harsashi mai giram 32 ke nan yana son bindigar kilo uku da ɗan kai, mai giram 28 kuma wajen kilo 2 da giram 700. Wadda ta fi haka sauƙi za ta ci kafaɗarka, wadda ta fi haka nauyi da yawa, kafin ka ɗaga ta fakara ta sha kwana bayan sabara.

Kunama biyu nake so, kuma a nan ba na sassautawa. A bindigar da bakunanta ke jere, kunamar gaba ta bakin dama ce, wanda ya fi buɗewa, ƙwayoyi su watsu da wuri. Ta baya ta hagu ce, mai matsattsen baki, tana kai ƙwayoyi nesa a dunƙule. Fakara lafewa take yi sai ka kusa taka ta, ta tashi fir a gabanka, wannan aikin dama ne da harsashi mai ƙwayoyi lamba 6. Zabo kuwa ɗan gudu ne, yana hango ka ya zuba a ƙasa, ba ya tashi sai ya ba da rata, ga gashi mai kauri, shi sai hagu da lamba 4. Yatsa ne ke zaɓa, ba ka tsaya murɗa komai ba. In ɗaya ta lalace a daji kuma, ɗayar tana nan. Haka ma mai tofar da kwanso da kanta, ban ga amfaninta a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura har cikin tukunya a rufe ba. Ƙarin ƙananan ƙarafa ne da maƙerinmu ba shi da madadinsu. Zare kwanso da yatsa, ka sa a aljihu, kada akuyar wani ta tauna.

Samari suna zuwa mini da hotunan Purdey da Holland & Holland na Landan a waya. Madalla da aiki, amma kuɗin guda ya sayi gida a Tawa da canji. Abin da ya dace da mu shi ne ƙulli mai sauƙi irin wanda Anson da Deeley suka ƙirƙiro a Birmingham a 1875, wanda maƙeran Faransa da na Eibar a Spain suka yi ta kwaikwaya. Baikal ta Rasha ma, IZH-43 ko tsohuwar IZH-58, ba ta da fasali, ta ɗan yi nauyi, amma jaka ce wajen haƙuri. Kowacce ce, rufe ido ka ɗora ta a kafaɗa da rigar da kake fita daji da ita, sannan ka buɗe. In idonka bai kwanta daidai kan sandar tsakiya ba, ba taka ba ce, ko sunan wa ke jikinta.

Na kuma gaya wa yaron, takarda kafin bindiga. Izinin riƙe makami daban, izinin farauta na ma'aikatan gandun daji daban, kuma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ke tsara farauta a ƙasar nan. Da halin da ake ciki a arewacin jiharmu, mutum da bindiga a daji ba takarda ya san abin da ya jawo wa kansa. Da damina zabuwa tana kan ƙwai, ba a taɓa ta. A yi bisimilla kafin harbi, wuƙa mai kaifi tana kugu don wanda aka tarar da sauran rai.

Ya mayar da bindigar rana ta uku, mai ita ya yi fushi, ya ce tsoho ne ya ɓata masa ciniki. Yanzu yana bin takardunsa. Tawa kuma tana rataye, na toshe bakunanta da jan tsumma mai dogon jela, tun shekarar da na buɗe ta a gindin wata gawo na leƙa, na tarar zanzaro ya yi ginin laka a bututun dama. Jelar don kada in manta in cire ne.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin lakkwal,
Unguwar Bilbis, Tawa