Umma, daga Salaga nake rubuto miki

Assalamu alaikum Umma,

Ya gida, ya ƙafar taki, da fatan dai kina shan maganin nan akan lokaci. Ya Abba da su Yaya da duk mutan gida. Ni alhamdulillahi lafiyata ƙalau a nan Salaga ta ƙasar Gana. Nasan Auta ce zata karanta miki, to Auta dan Allah ki karanta duka kar ki tsallake ko layi ɗaya. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk sanda muka fara magana a waya sai sabis ya ɗauke, kuma kuna gaban mu da awa ɗaya, shi yasa ran Juma'a na kira na tarar kin kwanta.

Saƙon Kawu ya iso ni, cewa in tattaro in dawo gida, wai ace mutum ya gama digiri sannan ya tafi ƙasar wasu yana aikin da babu albashi. Wallahi ban ji haushi ba, nasan kulawa ce. Amma Umma kema kin ga zaman da nake yi kafin in taho, jiran takardar bautar ƙasa kullum daga ɗaki sai majalisa sai danna waya, shi yasa da ƙungiyar nan ta ce tana neman masu koyar da yara na sa kai ban tsaya dogon tunani ba.

Hanyar ma ban taɓa baki labarinta sosai ba dan kar hankalinki ya tashi. Daga Sabon Gari muka hau doguwar mota, kwana muka yi a hanya kafin Legas, na huta kwana biyu a Agege wajen abokin Abba, Allah ya saka masa da alheri har tasha ya rako ni. Daga nan sai Badagiri sai bodar Seme. Da fasfo ɗin ECOWAS ba a buƙatar biza, kwana 90 ake ba mutum, amma dole ka riƙe katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar shawara, gara da kika matsa min naje nayi. A wata boda wani ya riƙe min fasfo kusan awa guda yana cewa sai na bada wani abu, takarduna kuwa a cike suke, na tsaya ina ta istigfari har ya gaji ya miƙo min. Kwatano 'yan acaɓa ne ko ina da riguna ruwan ƙwai, Togo kuwa kafin ka gyara zama ka ƙetare ta, bodar Aflawo a bakin garin Lome take da ƙafa na tsallaka na shiga Gana. Kuɗi kala uku na riƙe a tafiyar nan, naira da sefa da sidi, kuma duk inda naje canji Bahaushe ne a zaune.

A Ankara babban birnin Gana unguwar Nima na sauka, Umma sai kice Fagge ce, ga koko da ƙosai da safe, ga wake da shinkafa da su suke kira wace, ga tuwon zafi. Hausarsu ce dai ta bani mamaki, mace ma "ya zo" suke ce mata, har yanzu kunnena bai gama sabawa ba. Na wuce Kumasi, daga can Yeji, muka shiga jirgin fito da motoci da buhunan doya muka ƙetare tafkin Bolta zuwa Makango, ruwa ne iya ganinka, ance tun da aka gina madatsar Akosombo a 1965 ya taru haka. Daga Makango sai Salaga.

Kin tuna labarin da marigayiya Hajiya Kaka take bamu na kakanta da yayi fataucin Gwanja? To nan ne Gwanjan Umma. Nan ne ayarin jakuna suke zuwa daga Kano da madugunsu, wata da watanni a hanya, su kawo kanwa da baƙin rini da fatu su koma da goro. Ni da na ɗauka zan tarar da bishiyoyin goro ko ina, ashe ba ya ma fitowa a nan, daga kurmin Tonawa, wato Ashanti, ake ɗauko shi a kawo kasuwar Salaga. Wani dattijo a masallaci da yaji daga Kano nake sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yace Malam Umaru da yayi suna a garin Karaci na nan Gana ɗan garinku ne ai, a nan ya zauna kafin yaƙin 1892 ya watsa garin. Ranar a gidansa naci abincin dare, tun daga nan baya bari in wuce ƙofarsa ban shiga ba.

Akwai kuma abinda Hajiya Kaka bata taɓa faɗa mana ba, wataƙila ita ma ba a faɗa mata ba. An kai ni wani wuri a gefen gari, sunansa ma da Hausa ne, Wankan Bayi, inda ake wanke mutane kafin a kai su kasuwa a sayar, ga tsofaffin rijiyoyi nan birjik a garin. Na daɗe a tsaye ban iya magana ba. Mutanen mu sun yi ciniki a kasuwar nan, kuma ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba. Nayi wa waɗanda aka bi da su ta wajen addu'a, na koma gida ranar ko abinci ban iya ci ba.

Aikin kuwa, lissafi nake koyarwa 'yan aji biyar da shida da safe, da yamma in taya malamin makarantar allo biya wa yara. Mu uku ne 'yan sa kai, sauran biyun Turawa ne daga Jamus, su a wajensu al'ada ce in yaro ya gama sakandare ya ɗau shekara guda ya fita yaga duniya kafin ya shiga jami'a. Mutanen kirki ne kuma suna ƙoƙari, sai dai yaran nan Turancin littafi yana musu nauyi, ni kuwa in na ga sun yi shiru sai in juya Hausa tunda kusan kowa a garin yana ji, in kawo misali da kuɗin doya ko ƙwallayen goro. Akwai wata yarinya da ta zo min bata iya rabawa ba sam, kullum a bencin baya tana ɓoye littafinta, satin da ya wuce ita ta fito allo ta raba 144 gida 12 da kanta, ajin gaba ɗaya suka tafa mata. Umma irin yaran nan ne bana so in bari a tsakiyar zango.

Dan haka roƙona ki taya ni yiwa Abba da Kawu magana, su bar ni in kai ƙarshen zangon karatun nan, ana rufe makaranta zan kamo hanya in sha Allah, kuma in takardar bautar ƙasa ta fito kafin nan Yaya ya sanar dani da wuri. Takardar zamana naje Tamale an ƙara min kwanaki, babu matsala ta nan. Masauki da abinci ƙungiyar ce ke yi, Hajiyar gidan da nake tana riƙe ni kamar ɗan cikinta, ta ce in gaishe ki sosai. Zazzaɓi sau ɗaya ya kama ni a damina, na sha magani ya wuce, kuma ina kwana a gidan sauro.

In an samu mai zuwa Kumasi cikin direbobin albasa a aiko min da yajinki da ɗan kilishi, akwai wanda zai karɓar min a zango. Ki gaida Gwaggo da Inna, kice musu ina nan da tsarabarsu. Ki ci gaba da sa min albarka Umma.

Ɗanki