Zuwa ga Abokina a Ingila, kan Maganar Kafin Alƙalami

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya sanyi, ya baƙunta? Mu nan sai godiya, ana ta kaka. Dawa ta yi kyau bana, wake ne dai tsutsa ta ɗan taɓa. Uwargida na gaishe ka, wai ka manta da tuwonta.

Saƙon muryar da ka turo mini da tsakar dare, sau uku na saurare shi. Na ga maganar ta fi ƙarfin WhatsApp, shi ya sa na zauna rubutu. Ka ce wata takwas rabonka da sujada, aikin kula da tsofaffi ya cinye maka Lahadi, ka kuma koma wa kwalbar da ka rantse ka bari. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne da ka ce kana jin an riga an goge sunanka daga littafin rai.

Ka tuna ranar da muka raka Baba kara sayen san huɗa? Ciniki ya yi tsawo, mai sa na ta cewa albarka, dillali na shiga tsakani, da ƙyar aka sallama. Kuɗin Baba bai cika ba, sai ya ba da kafin alƙalami, aka shafa wa san jan fenti a gadon baya. Ba a jima ba ya tsinke igiya, ya bi ta kan tiren masu ƙosai, kai kuma ka ɗare tudu kana ihu. Da aka kamo shi, akwai wanda ya tambayi na wane ne? Gudunsa bai warware ciniki ba. Bulala dai ya sha.

To buɗe Afisawa 1:13-14. Afisa garin kasuwanci ne, kuma da harshen 'yan kasuwa Bulus ya yi musu magana. Ya ce an buga wa masu bi hatimi da Ruhu Mai Tsarki, sannan ya kira Ruhun da wata kalmar Helenanci, arrabon, wadda ma'anarta ita ce kuɗin da mai saye ke fara ajiyewa don a san zai dawo ya cika. Kafin alƙalami ke nan sak. Ɗan Adam kan ajiye nasa ya karye, ya kasa cikawa. Allah kuwa Ruhunsa ya ajiye. Ka gaya mini wace karayar arziki ce za ta same shi. Haka a Yohanna 10:28-29, Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, ba kuma mai ƙwace su daga hannun Uba. Bai ce tumakin ne ke riƙe da makiyayi ba.

Na san za ka kawo mini Ibraniyawa 6, inda aka ce waɗanda suka taɓa samun haske sannan suka fanɗare ba shi yiwuwa a sake jawo su ga tuba, domin kai ba ka sakin gardama da wuri. Gaskiya aya ce mai nauyi, ni ma ta hana ni barci a baya. Manya ma sun daɗe suna ja a kanta. A 1618 zuwa 1619 an yi babban taro a garin Dort na ƙasar Holan, inda masu bin koyarwar malamin tauhidi Calvin suka tsaya a kan cewa wanda Allah ya cece shi da gaske zai kiyaye shi har ƙarshe, suka ƙi ra'ayin almajiran wani malamin, Arminius, masu ganin mai bi na iya faɗuwa. Daga baya John Wesley, mai wa'azi ɗan Ingila, ya koyar cewa mai bi na iya faɗuwa ya rasa alherin. Dukansu mutanen Allah ne, ba na zagin kowa. Ni dai na fi karkata ga na farko, don in da riƙona ne ke tsare da cetona, da tuni ya zube a hanya. Amma lura da wannan: ko a wajen Wesley, wanda ke kuka da tsakar dare saboda zunubinsa ba a rufe masa ƙofa ba. Gawa ba ta jin ciwo, kai kuwa ga shi kana ji.

Jiya na tsaya ina kallon mata suna shiƙa a bayan gida. A ɗaga ƙwarya sama, iska ta kwashi ƙaiƙayi, tsaba ta zubo ƙasa. Sai Luka 22:31-32 ta faɗo mini, inda Yesu ya gaya wa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe su kamar alkama, amma shi ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta gaza. Tun Bitrus bai yi musun ba aka riga aka yi addu'ar. Ya kuma yi musun, har sau uku, da rantsuwa. Duk da haka shi aka damƙa wa kiwon tumaki a bakin tekun Galili.

Kada fa ka ɗauki wannan a matsayin lasin shan giya. Bulus ya toshe wannan kafar a Romawa 6, ni ma in na gan ka da kwalba sai mun ɓata. Ka nemi wata ikilisiya kusa da kai, ko da taron tsakiyar mako ne, ka samu dattijo guda ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Waƙoƙinsu ba za su yi maka daɗin na Zumuntar Mata ba, babu tulu babu kacau-kacau, amma ka daure.

Inna ta zo jiya tana tambayarka. Ban gaya mata komai ba, na ce kana lafiya. Ka kira ta ranar Asabar da yamma, za ta zo nan gidan jiran waya. Ta kuma ƙulle maka daddawa da yaji, muna cigiyar mai tafiya.

Naka har kullum,
Abokinka na tun kiwon awaki