Kira ga masu koyon Holanci: a kula da fi'ilin "draaien"

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin jan hankalin 'yan'uwa masu shirin zuwa Holan da zama. Tun 2022 aka tsaurara dokar koyon harshe ga baƙi, ana son yawancinsu su kai matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshe. Haddar jerin kalmomi daga ƙamus ba za ta kai mutum can ba, kuma fi'ili ɗaya ya isa hujja: draaien.

Ƙamus zai ce maka juyawa ne. Haka ne, da shi ake cewa duniya na zagaya rana. Amma a rumbun kayan da nake aiki, idan shugaba ya ce "je draait nachtdienst", nufinsa aikin dare ya faɗo kanka. Maƙwabciyata in za ta sa wanki a inji, "een was draaien" take cewa. Mai sa faifai a wurin biki ma da shi ake faɗin aikinsa. Har a siyasa yana da kaifi: a muhawarar zaɓen 2006 Balkenende, firayim ministan Holan na lokacin, ya ce wa abokin hamayyarsa Wouter Bos "u draait", wato yana sauya baki, kuma zargin ya bi shi har ranar zaɓe.

Nahawun ne ya fi wahalar da mutanenmu. Mu a ƙarshen kalma muke sauyi: juya, juyo, juye. Su a farko suke liƙa ɗan guntu, sannan guntun ya ɓalle. Omdraaien na nufin juya abu, amma sai a ce "ik draai de sleutel om", na murɗa makulli. Wannan om ɗin ya tafi can ƙarshen jimla, wanda bai saurara har ƙarshe ba ya rasa ma'ana. A shuɗaɗɗen lokaci kuma ge ke kutsawa tsakiya, ya zama omgedraaid. Idan kai ka juya abu, hebben ne fi'ilin da ke taimaka masa. Idan iska ce ta sauya alƙibla, mataimakin zijn ne, wanda ke zama is a nan: "de wind is gedraaid" ake cewa.

Masu koyon tuƙi su lura: shan kwana a titi afslaan ne, komawa inda aka fito kuma keren.

Ina roƙon ku buɗe mana shafin koyon harsuna, inda za a riƙa kawo irin waɗannan fi'ilan cikin cikakkun jimloli.

Mai karanta jaridarku,
Rotterdam