Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Abin da Baffanka Ya Bari

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Na samu saƙonka cewa 'yan'uwa sun ɗora maka rubuta abin da baffanka ya bari, Allah ya jiƙansa. Na ji daɗin yardar da suka yi maka, amma daren nan da tunaninka na kwana. Ƙafa ba za ta kai ni ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Lissafin rabo bai dame ni ba. Allah ya riga ya yanka wa kowa kasonsa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, kuma malami zai fitar muku da shi a zama ɗaya. Inda ƙafa ke zamewa shi ne kafin nan, wajen tantance abin da ya shiga dukiyar gado. Ba duk abin da aka tarar a hannun mamaci ne nasa ba.

Lokacin da kakanku ya rasu, mun buɗe akwatinsa na ƙarfe muka tarar da ambulan ɗaure da zare, kuɗi a ciki, da sunan wani mutum da fensir a bayansa, ya kusa gogewa. Wani daga cikinmu ya ce a haɗa a raba. Ni da baffanka muka ƙi, muka yi ta cigiya har muka gano 'ya'yan mutumin. Baffanka shi ma mutum ne da ake ba wa ajiya, don haka ka bi a hankali. Amana, kayan aro, abin da aka jinginar masa, har kuɗin jama'a da ke cikin asusun banki mai sunansa, duk a ware su. In yana da abokin kasuwanci, kasonsa kaɗai zai shigo.

Sai matarsa. Zaman aure bai mayar da dukiyarta tasa ba. Abin da ta saya da guminta ko ta gada, nata ne tun kafin a zo maganar tumuni. In akwai ragowar sadakinta, bashi ne a kansa. Tana cikin takaba, ka tambaye ta da ladabi, kar ka bari kunya ta sa ta yi shiru.

Maganar kyauta ce za ta fi ba ka wahala. Za a zo maka da "ai Baba ya ce ya ba ni gidan nan". Ka tambaya: ya karɓa a hannu tun marigayi na da lafiya? Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya yi wa 'yarsa Nana A'isha kyautar wasaƙi 20 na dabino (wasaƙi babban ma'auni ne na awo) daga gonarsa da ke Gaba, kusa da Madina. Da ajali ya gabato ya ce mata, da a ce ta riga ta girbe ta kwashe, da ya zama nata, amma yau dukiyar magada ce. 'Yarsa ce mafi soyuwa gare shi, amma bai sassauta ba. Kyautar da aka yi kan gadon ciwon ajali kuwa, hukuncin wasiyya take ɗauka.

Kar kuma ka manta da abin da ke waje: bashin da yake bi, kuɗin haya, haƙƙinsa na aiki da ba a biya ba, gonar da ya ba wani aro aka manta. Ka bi su da takarda da shaidu.

In an gama tattarawa, a cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba. Abin da ya rage shi ake rabawa. Kafin nan, kar ka yarda kowa ya ɗauki ko tsinke da sunan tunawa, akwai marayu ƙanana a gidan.

Ka rubuta komai a gaban mutum biyu amintattu, ka aiko mini da kwafi in duba kafin ku je wurin malam. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa samun hutu.

Naka,
Mahaifinka