An Ƙara Kuɗin Data, Ina Saurin da Aka Yi Mana Alkawari?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana a kan intanet, domin da shi nake ciyar da iyalina. Ina da shagon kwamfuta a Funtua. Aikinmu shi ne duba wa ɗalibai sakamakon jarrabawa, cike musu takardun shiga manyan makarantu, rajistar bautar ƙasa, neman bashin karatu na NELFUND, da tura takardun masu neman aikin ɗan sanda ko kwastan idan an buɗe shafi. Ranar da sabis ya zauna, kowa ya samu na cefane. Ranar da ya ɗauke, ni da yaran shagona da waɗanda suka biyo layi tun safe duk mu tashi a tutar babu.

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da saƙo da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Su kamfanonin ninki ma suka nema. Hujjarsu ita ce tun 2013 farashi bai motsa ba, alhali dizal ya yi tashin gwauron zabo, naira kuma ta faɗi. Saƙon tes da muke aikawa a naira 4 ya koma naira 6. Ƙungiyar Ƙwadago ta yi ta kumfar baki, amma ƙarin ya tabbata. Ni dai a lokacin ban ga laifinsu ba, don na san abin da janareto ke ci a shagona, balle wanda ke kunna dubban turakun sabis dare da rana. Sai dai an haɗa ƙarin da wani sharaɗi da kowa ya ji da kunnensa: za a inganta aiki. Kuɗin mun biya tun daga watan da ya biyo baya. Ingancin ne har yau muke zuba ido.

Abin da ya fi damuna, ranka ya daɗe, shi ne yadda ake sayar mana da wannan haja. Idan ka je kasuwar Dandume sayen masara, mai hatsi zai auna maka a tiya kana kallo, in ka ga bai cika ba ka ce ya ƙara, in ka ga tsakuwa ka fasa. A cinikin data kuwa mai sayarwa ne ke riƙe da ma'auni, shi ke cewa ka cinye, shi kuma ke yanke ranar da abin da ka saya zai lalace ko da ba ka taɓa shi ba. Abu biyu kaɗai ake gaya maka: giga nawa ne, kwana nawa zai yi. Na ukun, wanda shi ne ginshiƙin cinikin, ba a ambatonsa ko kaɗan, wato da wane sauri datar za ta iso wayarka.

Mutane da yawa ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba saboda ba a taɓa yi musu bayani ba. Da megabit ake auna saurin intanet. Idan layinka na gudu a megabit 10 cikin daƙiƙa, za ka sauke giga ɗaya a ƙasa da minti 15. Idan ya sauko zuwa megabit 1, wannan gigar dai za ta ci maka sama da awa 2. Kuɗin da mai megabit 10 da mai megabit 1 suka biya ɗaya ne. Na farko ya gama aikinsa ya tafi kasuwa, na biyu yana zaune yana kallon abu na juyawa a fuskar waya, cajinsa na ƙarewa, shafin da yake cikewa kuma ya gaji da jira ya fitar da shi. A nan shagona hoton fasfo ne, wanda bai kai ko mega ɗaya ba, zai ƙi hawa da yamma. Yarinya ta taso daga ƙauye da kuɗin mota na aro, wa'adin rufe shafi ya zo, sai in ce mata ta dawo gobe da sassafe. Wallahi faɗin wannan magana na yi mini nauyi duk lokacin da na faɗe ta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane turken sabis yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke kewayensa raba wannan ƙarfin suke yi. Da asuba mutane kaɗan ne a kai, sai ka ga abu na tafiya. Daga bayan Magariba zuwa wajen ƙarfe 11 na dare kowa ya hau, sai a rasa mai motsi. Ranar kasuwa ma haka. Bayan wannan, shi kansa turken yana buƙatar hanyar da za ta haɗa shi da sauran duniya. Turken da aka ja wa fayiba, wato wayar intanet mai sauri da ake binnewa a ƙarƙashin ƙasa, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a kan wanda ke karɓa ta iska daga wani turken. Shi ya sa za ka ga 4G a saman wayarka, sandunan sabis duk sun cika, amma saƙon murya na WhatsApp ya ƙi tafiya. Shi ya sa kuma kamfanoni ke sayar da datar tsakar dare da araha: lokacin ne turakun ke zaman banza. Ina ganin ɗalibai suna raba dare don sauke darasi, su wayi gari suna gyangyaɗi a aji. Yaron da ke son karatu bai kamata a tilasta masa zaɓi tsakanin barci da littafi ba.

Sai batun intanet na gida, wanda ake ta tallarsa yanzu. Na sayi irin rautar nan, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, mai layi a ciki daga ɗaya daga cikin kamfanonin, a kan tsarin da aka ce mini ba shi da iyaka. Farkon wata abin sai san barka. Kafin wata ya raba, sauri ya faɗi warwas. Da na je ofishinsu aka nuna mini wani sharaɗi da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe cikin Turanci, cewa idan ka kai wani adadi za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Wanda ya sayar mini bai faɗa ba, takardar tallan ma ba ta nuna shi a inda ido zai gani ba. Ina jan hankalin masu karatu: rautar da ake sa wa layi, daga turken unguwarku take sha, daidai da wayar hannunka. Idan turken ya cika, ita ma ta tsaya. Kafin ka biya, ka tambayi adadin da za a fara rage maka gudu, da saurin da za a bar ka da shi bayan nan, ka kuma nemi a gwada maka ita a gidanka da daddare. Intanet na gida na ainihi, wanda ake ja wa waya har cikin ɗaki, yana Legas da Abuja da wasu unguwanni na manyan birane. Mu a garuruwa irin namu labarinsa muke ji.

Wasu za su ce ai ga Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023 kuma ba ruwansa da turke. Gaskiya ne yana aiki, na gani a wurin waɗanda suka saka. Amma kayansa kaɗai ɗaruruwan dubban naira ne, kuɗin wata kuma ya haura naira 50,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Malamin firamare ba zai iya ba. Haka 5G, sabon tsarin sabis da ya fi 4G sauri: tun Disambar 2021 aka yi gwanjon lasisinsa, MTN da Mafab suka biya sama da dala miliyan 273 kowannensu, aka fara aiki da shi a 2022. Madalla. Amma mutumin da 4G bai zauna masa ba, wanda ƙauyensu sai an hau tudu ko bishiya ake samun kira, me tallan 5G zai ƙara masa?

Gwamnati da kanta ta rubuta abin da ya kamata mu samu. A shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, an ce za a kai saurin megabit 25 a birane da 10 a karkara, intanet mai sauri ya kai ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, giga ɗaya kuma kada ya wuce naira 390. Ba ni na ƙirƙiri waɗannan alƙaluma ba. Kashi 70 ɗin ba a kai ba, kuma duk mai sayen data ya san nawa yake biyan giga a yau. Ina so wani ya fito ya gaya mana a ina aka tsaya, kuma me ya hana.

Wani ɓangare na amsar yana bakin teku. Manyan wayoyin da ke kawo intanet ƙasar nan ta ƙarƙashin ruwa suke zuwa, kuma kusan dukkansu a Legas suke sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS bayansu, sai Equiano na Google a 2022. Mun ga muhimmancinsu a watan Maris na 2024, lokacin da wasu daga cikinsu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya, masu POS suka naɗe hannu. Ƙarfin yana nan jibge a Legas. Jawo shi sama da kilomita 900 zuwa arewa shi ne aikin, kuma a nan gwamnoninmu suke da hannu dumu-dumu. Jihohi ne ke karɓar kuɗi a kan kowace mita da za a haƙa a binne waya. An daɗe da amincewa a kan naira 145 a mita, amma jihohi da yawa suka riƙa karɓar dubbai, sai kamfanoni suka ƙi shiga. Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya a 2020, wasu jihohi suka bi sahu. Wannan abin yabo ne, amma yafe kuɗi kaɗai ba ya binne waya. Ministan sadarwa Bosun Tijani yana maganar shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Ina roƙon 'yan majalisarmu na tarayya su nemi taswirar wannan aiki tun yanzu, su duba ko ya biyo ta Funtua, Bakori, Malumfashi, Faskari da Sabuwa, ko kuwa zai bi babban titi ne ya wuce mu kamar yadda aka saba.

Mu mutanen wannan yanki mun san zafin rashin sabis fiye da yadda ake tsammani. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Mutanen Gusau suka riƙa shigo mota zuwa Funtua don kawai su kira 'yan uwansu ko su tura kuɗi. Ba a jima ba aka rufe ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da tamu, sai mu ma muka koma kama hanyar Zariya. Na rufe shago tsawon lokaci. Masu POS, 'yan kasuwar hatsi da ke jin farashi ta waya, ɗalibai, masu jinya da ke neman gudunmawar dangi, kowa ya ɗanɗana. Tun daga lokacin na daina kallon intanet a matsayin kayan nishaɗin samari. Kuma har yanzu akwai garuruwan da turakunsu suka lalace ko ma'aikata ke tsoron kai musu dizal, an bar su haka nan. Akwai asusu na musamman a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, USPF, wanda aka kafa don kai sabis inda kamfanoni ba sa ganin riba. Wuraren nan su ne ainihin inda ya kamata a ga aikinsa.

Mu ma da namu. Ɓarayin batir da dizal a turaku ba daga sama suke faɗowa ba, a cikinmu suke, kuma wani ne ke saye. Masu aikin hanya da masu haƙa kwalbati suna datse waya su wuce abinsu, gari guda ya kwana babu sabis. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya. Masu unguwanni da 'yan sintiri su ɗauki turken unguwa kamar taransifoma, don amfaninsa bai gaza nata ba.

Ga shugaban NCC, Dakta Aminu Maida, buƙatata ba ta da yawa. A tilasta wa kowane kamfani ya rubuta mafi ƙarancin saurin da ya ɗauki alkawari a jikin kowane tsari, ya rubuta sharaɗin rage gudu da manyan baƙaƙe, da Hausa ga masu Hausa. A riƙa auna sauri ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a lokacin cunkoso, ana wallafawa kowa ya gani, domin matsakaicin lissafi na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye halin da muke ciki a bayan na Legas. Idan sabis ya ɗauke kwana biyu, a ƙara wa mutum kwana biyu a wa'adin datarsa ba sai ya roƙa ba. Wannan na ƙarshe ko kwabo ba zai ci wa hukuma ba, umarni ne kawai.

Masu karatu kuma su sani akwai lambar 622, kyauta ce, ta kai ƙara wurin NCC idan ka kai kuka ga kamfaninka ta lambar 300 bai share maka hawaye ba. Ka karɓi lambar ƙorafinka daga kamfanin ka adana, don za a tambaye ka ita. Yawancinmu a majalisar shayi muke ƙare ƙorafinmu, shi ya sa a takarda ake ganin kamar lafiya lau muke.

Ku ma 'yan jarida ina da roƙo a gare ku. Ku turo wakilinku da waya ɗaya da layukan kamfanonin nan huɗu, ya auna sauri da ƙarfe 8 na dare a Funtua, ya auna a Gusau, Birnin Gwari, Azare da Nguru, sannan ya auna a Wuse ta Abuja, ku buga sakamakon gefe da gefe tare da kuɗin da kowa ya biya. Idan ya iso Funtua, shagona a buɗe yake, zan ba shi wurin zama da caji.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai shagon kwamfuta,
Funtua, Jihar Katsina.