Zuwa ga Malam Habibu, a Manchesta

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da uwargida Hajiya da su Abba. Mu nan Kano sai godiya, hunturu ya kama, ƙura har cikin kwanon tuwo.

Maganar ciwon jiki da kasalar da ka ce Hajiya tana fama da su tun shigowar sanyi, har tashi daga kujera yake mata wuya, ita ce ta sa na ce bari in rubuto maka dogo maimakon saƙon waya. Kafin a ce sanyin ƙashi ne a yi ta shafa mai, ku je wajen likitanku ku nemi a auna mata bitamin D a jini. Alamun da ka faɗa, ciwon ƙugu da cinyoyi da rashin ƙarfin hawa bene, suna daga cikin abin da ƙarancinsa yake jawowa ga manya. Ba shi kaɗai ke kawo su ba, shi ya sa na ce gwaji.

Fata ce ke sarrafa shi idan rana ta taɓa ta, sannan hanta da ƙoda su mayar da shi yadda jiki zai yi amfani da shi wajen tsotsar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga abinci. To a Ingila, daga Oktoba zuwa farkon Maris, ranar da kuke gani ba ta da ƙarfin yin wannan aiki. Ga baƙar fata irin tamu kuma tana buƙatar daɗewa a rana fiye da farar fata kafin ta samar da daidai da ita. Zama kusa da taga ma bai wadatar ba, gilashi yana tare hasken da ake buƙata. Tun 2016 hukumomin lafiya na ƙasar suke ba da shawarar shan maikrogiram 10 a kullum lokacin sanyi, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara. A kowane kyamis na unguwarku za ka samu, ba tsada. Jariri mai shan nonon uwa shi ma akwai ɗigon da ake ba shi.

Na san za ka ce da tana gida da ba a yi haka ba. Ba lallai ba, Malam. A sashen da nake aiki, inda ake duba mutum ya karɓi magani ya koma gida, kullum sai an zo da koke irin na Hajiya. Yawanci an riga an sha maganin maleriya da na taifot, an sake, jiki bai saki ba. Gwajin bitamin D yana da tsada a nan, ba kowane asibiti ke yi ba, don haka da yawa ba a ma kai ga tunaninsa. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashen Afirka, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗin jininsa bai kai yadda ake so ba, kuma abin ya fi yawa ga mata da mazauna birni. Ban yi mamaki ba. Daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa ofis mai na'urar sanyi. Gidajen yanzu ma an rufe tsakar gida da kwano, inda iyayenmu mata ke daka da wanki a rana.

Amma fa ina jin haushin masu ɗora komai a kan bitamin D. Binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaran nan masu gwame da lanƙwasasshiyar ƙafa mafi yawansu kalsiyam suka rasa, kuma da aka ba su shi sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Kunu da tuwon masara safe da dare, ba nono ba madara. Don haka su Abba kada su rasa madara da ƙwai da kifi mai maiƙo irin sadin da titus.

Abu ɗaya zan ja maka kunne: kada ka sayi ƙwayar bitamin D ɗin nan mai ƙarfi ta intanet ka ce za ka ɗura mata. Yana taruwa a jiki, ya yi yawa ya ɗaga kalsiyam ya taɓa ƙoda. Iyakar da aka sa wa babba ita ce maikrogiram 100 a rana, sai dai in likita ne ya rubuta fiye da haka na ɗan lokaci. Kai ma da kake aikin dare kana barci da rana, a auna ka.

Idan sakamako ya fito ka turo mini hotonsa in gani. Inna ta ce a yi wa Hajiya sannu, kuma yajin da daddawar da kuka ce a aiko suna wajena, ina jiran matafiyi. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka, Aminu